Masu Dubiyar Ɗanfadama

Ku gafarce ni da wannan karambani. Ni mai karanta littattafan mutane ce kawai, ban taɓa zaton zan ɗauki biro in ce ga nawa ba, kuma da na tashi yi ɗin ma sai na rasa abin ɗauka sai labarin kwaɗo. In kun ga inda ya karkace, ku miƙe shi a zuci, ku rufa mini asiri.

A wani ƙauye da ke bayan Kudan, inda gonakin rake suka yi wa gidaje ƙawanya, akwai wani tsoho ana ce masa Baba Maiwada. Duk ƙarfinsa a fadama ya ƙare. Da yanar ido ta rufe masa gani, gwiwoyi kuma suka ƙi, 'ya'yansa suka hana shi fita, sai ya ce to a ɗauko masa fadamar a kawo gida. Aka yi ta dariya. Ana nan wata rana autansa Safiyanu yana yashe hanyar ruwa a gonar rake, ya kamo wani kwaɗon ruwa, irin shimfiɗaɗɗun nan masu santsi da ba sa hawowa tudu, idanu a tsakar ka, ga baƙaƙen farata a ƙafafun baya. Da wasa ya kawo shi, tsoho kuwa ya karɓa da gaske. Aka cika kwatarniya da ruwa, aka jefa tsingaro a ciki don ya sami maɓoya, aka ajiye a ƙofar ɗakin tsohon. Shi ya raɗa masa suna Ɗanfadama.

Kukan Ɗanfadama ba irin na kwaɗin damina ba ne mai cika kunne. Daga ƙarƙashin ruwa yake yinsa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsinke a bakin kwano, kuma sai rana ta yi sanyi yake farawa. Baba Maiwada yakan ce in ya ji shi, har ƙamshin laka yake ji. Ya zama al'ada a gidan, ba ya wanke hannu ya ci tuwon dare sai Ɗanfadama ya yi magana.

Mai kula da kwatarniyar ita ce jikarsa Mukarrama, yarinya mai kunya har ta yi yawa. In baƙo ya yi sallama sai ta nemi bayan ƙyaure. Karatu kuwa, ko takardar da aka ƙunso ƙosai ce sai ta warware ta karanta. Ita ke tono tana a bakin rijiya ta kawo wa kwaɗon, kakan yana tsokanarta da uwargida, yana cewa ta fi kula da baƙo a kan maigida.

Wata Asabar da hantsi agwagwar Gwaggo Lantana, babbar 'yar tsohon, ta zura baki cikin kwatarniya ta cafki Ɗanfadama a cinya. Mukarrama ta kore ta, amma ta riga ta yage masa fata. Da farko kamar ba komai. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya yi ja, wani farin abu kamar auduga ya fito a gefen ciwon. Ya daina karɓar tana. Da yamma ta yi, kwatarniya shiru.

To, kun san halinmu. In aka ce wani ba shi da lafiya, ba a zuwa dubiya da hannu biyu, kowa da maganin da ya sani, kuma ba a cewa babba ya mayar da nasa. Labari ya zaga cewa kwaɗon Baba Maiwada ya kwanta, tsoho kuma ya ture tuwo. Gwaggo Lantana, da yake agwagwarta ce ta yi ɓarnar, ita ta fara. Ta ɗebo toka mai laushi daga murhu ta barbaɗa, ta ce da ita aka warkar da kaciyar maza da yawa balle cinyar kwaɗo. Baffa Safiyanu ya dawo daga kasuwar Maƙarfi da kafso ja da rawaya, ya ɓare ya zazzage garin a ruwa. Wata maƙwabciya ta kawo shuɗin maganin nan da ake shafa wa kaji, ta ɗiga. Kowa ya zuba nasa sai ya ce Allah ya sa kaffara ne, tsoho ya amsa da amin, Mukarrama na tsugune a gefe tana kallon ruwan yana sauya launi.

Washegari ta tarar da Ɗanfadama ya taso saman ruwa ya yi lamo, ƙafafu a sake, jan ya bazu har cikinsa. Ta ari wayar Innarta ta ɗauki hotonsa.

Kusa da makarantarsu a Kudan akwai wata mata, Anti Bernice, mai kiwon tarwaɗa a tankunan siminti. Mukarrama ta daɗe tana wucewa ta ƙofarta ba ta taɓa shiga ba. Ran nan da aka tashi, ta tsaya a bakin ƙofar tana murza gefen hijabi har matar ta gan ta ta kira ta. A kunyace ta faɗi abin da ya kawo ta. Anti Bernice ba ta yi dariya ba. Ta duba hoton, ta tambayi abin da aka yi masa, Mukarrama ta lissafa. Matar ta riƙe haɓa.

“'Yata, kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, da fata yake sha. Duk abin da kuka zuba masa, kamar kun danne shi ne kun yi masa ɗure.”

Ta tura hoton ga likitan dabbobin da ke duba mata kifi, suka yi magana a waya. Ya ce a fitar da shi daga wannan ruwan yau ɗin nan. A sa shi a mazubin da sabulu bai taɓa shiga ba, da ruwan rijiya da ya kwana ya kwanta, a riƙa sauya masa kullum, a ajiye shi a inuwa inda ba hayaniya, kada a riƙa buɗe shi da yawa, kuma kada a taɓa shi da busasshen hannu. Ya faɗa wa Anti Bernice wani magani cikin waɗanda take da su na kifi da yadda za ta auna. Ta haɗa a 'yar kwalba, ta nuna wa Mukarrama yadda za ta riƙa tsoma shi a ciki na ɗan lokaci a wani kwano daban, sannan ta mayar da shi ruwansa. Ban da wannan, in ji likita, kada a ƙara masa komai. Ya ce bai yi alkawari ba, amma irinsu suna da taurin rai in aka bar su suka huta.

Da ta koma gida ta sami Gwaggo Lantana ta sake ɗebo toka, wannan karon har da 'yar kanwa. Mukarrama ta durƙusa, ta fara cewa wai likita ya ce. Gwaggo ba ta bari ta kai aya ba. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma tun kafin a haifi uban likitan ake zuba toka a ciwo. Ta ɗaga faifan da aka rufe kwatarniyar da shi, ta zuba, ta karkaɗe hannu.

Mukarrama ta zauna a wurin bayan kowa ya watse. Ba za ta iya hana Gwaggo ba, ba za ta iya hana Baffa ba, gobe ma wata za ta zo da nata. Ta leƙa ruwan. Toka da shuɗi sun haɗu sun mayar da shi baƙi ƙirin, ko tsingaron ba a gani balle abin da ke ƙarƙashinsa. A nan dabarar ta zo mata.

Da aka shiga sallar la'asar, ta ɗauko wata sabuwar tukunyar ƙasa da Innarta ta saya ba ta kai ga amfani da ita ba. Ta kai ta bayan rumbu, ƙarƙashin yaɗon kabewa, ta cika da ruwan randa. Ta jiƙa hannu, ta lalubo Ɗanfadama, ta kai shi sabon gida. Kwatarniya kuma ta mayar mata da faifanta kamar ba a taɓa ba.

Daga ranar aiki ya zama biyu. Da sassafe kafin ta tafi makaranta ta zaga bayan rumbu ta yi masa wankan magani, ta sauya ruwa. Da yamma ta dawo ta tsuguna kusa da kwatarniya tana karɓar masu dubiya. In an tambaye ta, sai ta ce likita ya ce kada a riƙa buɗe shi da yawa, kuma hakan ya ce ɗin. Sai su ɗaga gefen faifai kaɗan su zuba. Aka zuba garin sassaƙen maɗaci, aka zuba man shanu, wani dattijo ma ya kawo ɗan gutsuren mazarƙwaila wai don ya ji daɗin baki. Mukarrama ta ce an gode, Allah ya saka.

Abin da ya fi damunta kakanta ne. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Wata yamma da ba kowa, ya kira ta.

“Uwargida, tsakaninki da Allah, yana nan?”

“Yana nan, Kaka.”

“Ban ji ko motsin ruwa ba.”

“Hutawa yake yi.”

Ya ce to, Allah ya sa hutun na tashi ne.

Kwanakin farko ba ta ga wani sauyi ba, har ta fara tunanin ko ta makara. Sannu a hankali farin abin nan ya fara zubewa, jan ya ja baya ya tsaya a bakin ciwon. Ya koma ƙasan tukunya ya daina shawagi a sama. Ran da ta saki tana ya sa hannuwa biyu ya cusa a baki, sai da ta toshe bakinta da hijabi don kada a ji dariyarta. Ciwon ya haɗe, ya bar ɗan tabo fari. Kuka dai bai yi ba.

Kwatarniya kuwa ta fara wari. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mukarrama ta ji Baffa Safiyanu yana gaya wa Gwaggo a zaure cewa shi fa yana jin abin nan ya mutu. Gobe zai tuntsurar da ruwan, in ya mutu ya kamo wani a fadama ya saka, tsoho ba gani yake ba. Gwaggo ta ce Baba ba zai ruɗu ba, ya san muryar nasa. In aka zubar aka ga wayam, sai Mukarrama ta tsaya gaban manya ta ce ta bar su suna yi wa tsingaro magani. Mayar da Ɗanfadama cikin wannan ruwan kuwa, gara a yi mata duka.

Da yamma aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida kamar kullum. An yi yayyafi da rana, ƙasa na ƙamshi. Aka ajiye wa tsoho kwanon tuwo, ya ture shi gefe. Ana cikin hirar farashin taki sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

Ƙas-ƙas-ƙas.

Siririn sauti ne, yana bugun katanga yana dawowa, mai ido ba zai ce ga inda ya fito ba. Duk aka juya wajen kwatarniya. Mukarrama kaɗai ke kallon kakanta, ta kuwa ga yadda ya karkata kunne, ya juya fuska sannu a hankali har ta daidaita da rumbu. Ya daɗe a haka. Sannan gefen bakinsa ya motsa.

Baffa Safiyanu ya miƙa hannu zai ɗaga faifai.

“Kai, bar shi,” in ji tsoho. “Mai jinya ya samu ya yi magana, za ku taru a kansa? Kwatarniyar nan ma ta sha magani ta ƙoshi, ta gama aikinta. Gobe uwargida za ta sauya masa wuri, ita kaɗai, ba na son kowa ya tsaya mata a ka.” Ya laluba ya jawo kwanon tuwo. “Wa zai ba ni ruwan wanke hannu?”

Gwaggo Lantana ta kawo ruwan da kanta, tana share ido da bakin zane, tana cewa ai ta faɗa, toka ba ta ƙarya. Baffa ya ce wace toka, kafso ne, ranar da ya ƙara na biyu ya san an gama. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a dai tuna da wanda ya kawo shuɗi. Tsoho yana kai loma yana ba kowa gaskiya, ya ce duk hannun da ya taɓa Ɗanfadama da alheri Allah ya yi masa albarka, wanda aka gani da wanda ba a gani ba.

Gardama ta yi zafi har an fara kiran shaidu. Mukarrama ta ɗauki ɗan gwangwaninta na tana, ta raɓa ta bayan turmi, ta bi gefen katanga ta yi wajen rijiya, ba wanda ya waiwayo.