Daƙiƙa Arba'in na Lorraine

Mahaifiyata, Lorraine Kowalczyk, ta shekara tara tana shafa wa zane-zane fenti a wani ɗakin haɗa fina-finan katun a Toronto. Aikinsu da ya fi yin suna shi ne Kirsimetin Zomayen Fitila, wanda aka yi a 1986 don a sayar da zomayen roba masu haske a kunne. Ni ma sai da na yi birgima aka saya mini ɗaya, kunnen hagu ya mutu kafin sabuwar shekara.

A Disambar bara laburaren unguwarmu a Hamilton ya nuna katun ɗin ranar Asabar da rana. Mama ta ce ko ana ruwan ƙanƙara sai mun je.

Da aka gama, wani matashi mai sharhin fina-finai, Devin Achterberg, ya miƙe gaban jama'a.

"Mu daina yaudarar kanmu," in ji shi. "Wannan talla ce ta minti ashirin da biyu. Duk minti uku sai an cusa sabon zomo. Waɗanda suka yi shi ko ɗigon kishin sana'a ba su da shi."

Aka yi dariya. Na riƙe hannun Mama, ta fizge.

"Samari, ka gama?"

"Mama, akwai lokacin tambayoyi..." in ji Devin.

"Ba tambaya na zo yi ba. Talla ce, mun sani tun ba a haife ka ba. Wakilin kamfanin zomayen da agogo yake tsayawa a kanmu. Amma ka ga wurin da yarinyar cikin katun ɗin ke tafiya ita kaɗai cikin dusar ƙanƙara, bayan an kori babanta daga aiki? Zomo nawa ka ƙirga a wurin?"

Devin ya duba takardarsa. "Ban lura ba."

"Babu ko ɗaya. Daƙiƙa arba'in. Sau uku suka ce a yanke, mu shida masu fenti muka ajiye buroshi muka ce to su zo su ƙarasa da kansu. Wannan shuɗin sararin, ni na haɗa shi. Ka zagi zomayen son ranka, ni ma na tsane su. Mu dai ka fita harkarmu."

Mama ta juya wajen ma'aikaciyar laburaren.

"'Yata, mayar mana da shi baya."

Aka mayar. Yarinyar ta sake ratsa titin, kaset ɗin yana rawa saboda tsufa. Wani mai furfura a bayanmu ya ce shekararsa bakwai lokacin da katun ɗin ya fito, kuma a watan ne aka sallami babansa daga masana'antar ƙarfe.

A bakin ƙofa Devin ya tare mu, ya ce har yanzu yana kan bakansa, amma yana son sunayen sauran biyar ɗin.

"Ka zo gida ran Talata," in ji Mama. "Kuma ka zo da biro mai rubutu."