Ramin da Kampani Ya Haƙa a Bazaga

Sha'ibu bai taɓa zaton zai yi lambu a Bazaga ba, garin da jaki ke gajiya kafin guga ya fito daga rijiya. Sai ga kampanin ƙasar waje da aka ba kwangilar hanya ya zo ya haƙa wani ƙaton rami a bayan gari yana ɗibar burji. Damina ta cika shi fal, ruwan ya kai har rani bai ƙafe ba. Sha'ibu ya kewaye wani gefe da ƙaya, ya dasa albasa da tumatur da ɗan salati. Awakin gari suka huta da tafiyar nesa. Shi kam, wallahi, yana son ramin nan kamar shi ya haƙa shi da hannunsa.

Da aiki ya kusa ƙarewa aka kira taro a gindin gawo. Baƙi suka zo, da injiniyan kampani, da wata mata daga ma'aikatar muhalli ta Yamai, da wakilin bankin da ya ɗauki nauyin aikin. Almoustapha, ɗan ƙanwar Sha'ibu, shi ne tafinta. Ya bayyana cewa dokar ƙasa da ƙa'idar bankin duka sun ɗora wa kampani cike duk ramin da ya haƙa kafin ya tashi, saboda sauro da faɗawar yara, sai fa in mutanen gari sun nemi a bar musu shi, a nan, a gaban wannan taro. Ya sake faɗa yana kallon kawunsa.

To, ina aka taɓa yin haka? Mutum ya yi maka hanya, ya zo garinka ko ruwa bai gama sha ba, ka miƙe cikin jama'a ka ce ga abin da kake so kuma? Maigari ya yi godiya, liman ya yi addu'a, Sha'ibu ya shafa tare da kowa. A ransa yana cewa roƙo ai a zaure ake yin sa, bayan an gaisa, ba a tsakar fili ba.

Kashegari Sha'ibu da sauran dattawa suka ɗora rago a amalanke, da Almoustapha, suka bi injiniyan har masaukinsa a Konni su roƙi a bar musu ramin. Ya tarbe su da kyau, ya ba su kujeru, amma ya ƙi ragon yana ta ba da haƙuri, wai ƙa'ida ta hana. Ya ce shi da a bar ramin ma ya fi masa sauƙi. Sai dai an tashi taro, abin da gari ya faɗa ya riga ya wuce Yamai. In ya bar ramin ba za a karɓi aikinsa ba, kuma in rigima ta tashi ba a Konni za a yi shari'ar ba, wasu alƙalai ne can ƙetaren teku.

Abin ya yi wa Sha'ibu zafi ƙwarai. Ya ce a tambayi baƙon ko alƙalan nan sun san Bazaga. Almoustapha bai fassara ba.

"Kawu," ya ce, "ai na hwaɗi ranar taro, ina kallonku."

"Na ga kana kallona," in ji Sha'ibu. "Zato niy yi so kake kar in ba ka kumya gaban manyanka."

Ranar da katafila ta zo cike ramin, tun da safe Sha'ibu ya riga ta isa. Albasar ba ta nuna ba, kanta bai fi goro ba, amma ya bi ta yana tugewa yana zubawa a buhu. Direban, ɗan Malbaza ne, ya kashe inji ya jira har tsohon ya gama. Awaki suka zo sha kamar kullum, Sha'ibu ya tsaya har suka ƙoshi, sannan ya kora su baya ya ɗaga wa direban hannu.