Awa Huɗu a Ɗakin Wankin Ƙoda

Midhat ya rataya jakar mahaifiyarsa a kafaɗa, ya tallafe hannunta, suna hawa matakalar asibitin a hankali. Kwanansa biyu ke nan da sauka a Iskandariyya daga Doha, inda ya shekara goma sha ɗaya yana aikin injiniya a wani kamfanin gine-gine. Ranar Alhamis zai koma, kuma da ita ya yi niyyar komawa.

Tun kafin ya taso ya gama shirya komai. Ga ɗaki mai banɗaki a ciki, ga asibitin kuɗi kusa da gidansa, ga direba. Ƙanwarsa Nagwa, malamar makaranta, ita ke kai tsohuwar wankin ƙoda sau uku a mako, yau shekara uku, har mijinta ya fara ƙorafi. Abin da ya rage kawai shi ne Hajiya Ihsan ta ce to. Ita kuwa duk sanda aka ɗauko zancen sai ta ce a bari tukuna. Shi ya sa wannan Litinin ɗin ya ce wa Nagwa ta tafi makarantarta, shi zai yi rakiyar. Awa huɗu tsohuwar za ta yi a kwance ba inda za ta je, ai sun isa a gama magana.

Gadaje goma sha biyu ne a ɗakin. Ma'aikaciyar jinya ta soka mata allurai biyu a hannu, na'ura ta fara aiki. Midhat ya jawo kujerar roba, ya buɗe wayarsa, ya shiga nuna mata hotunan ɗakin da aka gyara mata. Ta ce ma sha Allah, labulen ya yi kyau. Amma hankalinta na bakin ƙofa.

Can sai ga wani dogon tsoho siriri ya shigo shi kaɗai, da rigar sanyi da ta koɗe, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Ya nufi gadon da ke kusa da nata.

"Ka makara, Girgis," in ji Hajiya. "Na ɗauka ka mutu."

"In mutu in bar miki gardamar ranar Asabar? Sai na ga ƙarshenta."

Ta nuna masa ɗanta. Tsohon ya kalle shi sosai, ya ce ashe wannan ne wanda ya binne kyanwa a tukunyar fure, ya hana kowa cin abinci sai an yi mata addu'a. Midhat ya yi murmushin dole. Shi har ya manta da wannan. Shekararsa bakwai a lokacin. Ya gyara zama yana jiran tambayoyin da ya saba ji, waɗanda direban tasi da mai aski da maƙwabta suka yi masa tun saukarsa: wane kamfani, wace mota, ko ya sayi gida a bakin teku. Tsohon bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu aka sa masa allura, ya juya ga Hajiya, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Gardamar a kan yafiya ce, ko mutum na iya yafe wa wanda ya mutu bai nemi gafara ba. Baba Girgis yana da wa da suka shekara goma sha tara ba sa magana, saboda wata kalma da ta fita ranar jana'izar mahaifiyarsu, har wan ya rasu. A ganinsa yafe wa mamaci yaudarar kai ce, don abu ne mai arha, tunda ba zai tashi ya maimaita laifin ba. Hajiya ta ce a'a, shi ne mafi wuya, don har abada ba za ka ji nasa bayanin ba. Suka yi ta yi. Idan an zo gwada hawan jini sai su yi shiru. Wani lokacin su yi minti goma ba wanda ya ce uffan, sai ɗaya ya ci gaba kamar ba a tsaya ba.

A cikin awa ta biyu ne Hajiya ta ba da labarin da Midhat bai taɓa ji ba. Shekarar da ya shiga firamare, wata safiya ta ɗauki 'yar jaka ta tafi tashar jirgin ƙasa ta Sidi Gabir, ta yanki tikitin Damanhur, garin iyayenta. Ta zauna a benci har jirgin ya zo ya tafi, sannan ta koma gida ta ɗora shinkafa. Mijinta ya rasu bai sani ba. Bai taɓa dukanta ba, bai taɓa hana ta komai ba. Su ne na farko da suka sa firji a layinsu. Yakan dawo daga aiki, ya ci abinci, ya tambaya ko akwai abin da ya ƙare, ya kwanta.

"Shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambayata abin da ke raina ba," ta ce, tana kallon sama. "Kuma mutumin kirki ne. Har yau ban san me zan yafe masa ba."

Baba Girgis ya ce wannan sai ya kwana a kansa, zai ba ta amsa ranar Laraba. Bai jima ba barci ya ɗauke shi.

Midhat ya matso da kujerarsa, ya tambaye ta ƙasa-ƙasa wane aiki tsohon ya yi kafin ya yi ritaya. Ta ɗan yi tunani, ta ce ba ta sani ba. Wataƙila ya taɓa faɗa ta manta. Abin da ta sani shi ne yana tsoron ya mutu a banɗaki, kuma bai yi kukan matarsa ba sai bayan wata huɗu, a gaban mai sayar da kifi.

Sai ya ɗauko zancen da ya kawo shi.

"Mama, can na'urorin sababbi ne. Ɗaki ke kaɗai, ba hayaniya."

"Ni kaɗai. Awa huɗu?"

Ya ce zai riƙa leƙowa, matarsa ma haka, ga jikokinta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Duk Juma'a kana kirana, ba ka taɓa fashi ba. Ka tambaye ni ko magani ya ƙare, ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki, in ce komai lafiya. Ba laifinka ba ne. Ni ma ban san me zan tambaye ka ba."

Ta ce ba za ta je ba. Ba da ɓacin rai ta faɗa ba. Ya buɗe baki zai kawo zancen likitoci, sai ya ga ta lumshe ido. Sauran awa ɗaya da rabi ya yi su yana kallon jini na zagaye a cikin robobi.

Da suka isa gida a unguwar Muharram Bek ya kwantar da ita, don ranar wanki ba ta iya komai sai barci. Ya tarar Nagwa ta dawo, tana kicin tana yanka lalo.

"Ta yarda?"

"A'a."

Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba. Nagwa ta ce da ma ta sani, za ta yi wa mijinta magana. Midhat ya ce zai nemi wadda za ta riƙa taimakawa da rakiyar ko da sau ɗaya a mako, ta ce to, Allah ya saka da alheri.

Bai fita ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Akwai furfura a gaban ɗankwalinta, da wani tsohon tabon ƙuna a bayan hannunta wanda bai san yaushe ta same shi ba.

"Ke fa, Nagwa, yaya kike?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Shinkafa za ka ci ko burodi?"

Ya ce ba ya jin yunwa. Ya jawo kujera ya zauna, ya kife wayarsa a kan tebur, ya sake tambayarta. Ta ajiye wuƙar ta juyo, ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, faɗa mini gaskiya. An sallame ka daga aiki ne?"

Ya ce a'a, aiki na nan. Ta goge hannu a jikin zanenta, ta rage wutar girkin, amma ba ta zauna ba tukuna.