Sai Kin Haihu

Tun tana da shekara goma sha huɗu Radiyya ta san zuwan al'adarta kafin ta zo. Kwana uku tsakani ƙirji zai yi mata nauyi, kai ya ɗaure, ko kaza ta gifta sai ranta ya ɓaci. Daga nan mara ta murɗa, ta kwanta a tabarma tana cizon zani, wani lokaci har da amai.

Gwaggo Meram, yayar mahaifinta wadda ta riƙe ta a Gashua, ba ta taɓa rasa bayani ba. Ta ce shan zaƙi ne, aka hana ta rake. Aka jiƙa mata kanwa ungurnu ta sha har cikinta ya ɓaci. Da abin ya ƙi, sai ta kawo hukuncin da duk matan unguwa suka yarda da shi: ciwon mara ba ya barin mace sai ta haihu.

Radiyya ta jira. Ta auri Laminu mai sayar da busasshen tattasai, shekara shida ko ɓatan wata. Ciwon kuwa ya sauka cinya, ya zagaya baya. Ranar da ta faɗi a bakin murhu, Laminu ya sa ta a mota sai asibiti a Nguru.

Likitar, mace ce mai ƙarancin magana, ta yi hoto da gwaje-gwaje, sannan ta tambaye ta tun yaushe. Da ta ji shekara goma sha biyar, ta ajiye biro. Ta ce naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya tsiro a waje, duk wata yana zubar da jini ba mafita, har tabo ya toshe hanyoyin ƙwai. Akwai ƙwaya da za ta tsayar da al'adar, ciwon ya kwanta. Haihuwa kuwa, ko an yi aiki, ba ta yi alkawari ba.

"Da tun kina budurwa aka kawo ki, Malama, da da sauƙi."

Da suka dawo gida, Gwaggo Meram ta juya kwalin maganin a hannu, ta ji ko na mene ne.

"Maganin hana haihuwa, 'yar nan? Ke da haihuwar ce maganinki?"

"Ciwon ne ya hana ni haihuwar, Gwaggo."

"Mu da muka haifi tara ba mu sani ba, sai yarinya mai farar riga."

Radiyya ta karɓe kwalin, ta haɗiyi ɗaya a gabanta ko ruwa babu.

Wata ya zagayo, marar ba ta murɗa ba. Ta yi wanki, ta yi daka, ta taka har bakin kogi ta dawo da ƙafarta. A wani gidan suna ta tarar labari ya riga ta: matar Laminu ce ba ta son haihuwa. Aka matsa mata wuri a ƙarshen tabarma, ba wadda ta miƙo mata jaririn.