Reshen da Tokunaga Ya Kawo

Shekara tara na yi ina renon murjani guda ɗaya. Ranar da na samo shi bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A bazarar da abin ya faru kuwa ya cinye rabin tankin gilashin da ke ɗakina, rassa sun miƙe kamar ƙahonin barewa, bakin kowane reshe shuɗi shar. Wanda bai taɓa reno ba zai ce dutse ne, alhali rai gare shi, yana ci, yana jin zafi, yana girma a hankali kamar farce. Ina son sa irin son da ake jin kunyar faɗa.

Doka ɗaya gare ni. Duk sabon reshe sai an tsoma shi a ruwan magani, sannan ya yi sati shida a keɓe cikin ƙaramin tanki kafin ya shiga babba. Chizuru, wadda nake neman aure, takan tsokane ni a kai.

“Shunya, ni ma sati shida za ka keɓe ni idan na tare?”

“Ke takwas. Ban yarda da ke ba.”

Mahaifinta shi ne Tokunaga. Duk mai renon murjani a garinmu Kagoshima, in ka bi salsalar tankinsa, sai ka tarar da reshe daga hannun tsohon. Shekara uku ina aika gaisuwa, bai taɓa yarda na taka gidansa ba. Sai wata Lahadi da hantsi, tokar Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta, na zuba a kan motoci, ga shi a ƙofata, Chizuru riƙe da gwiwar hannunsa, shi kuma rungume da ƙulli a cikin shuɗin ƙyalle.

Ya zauna a tabarma, ya kurɓi shayi, ya juya fuska wajen hasken tankin.

“An ce ka iya reno.”

“Koyo nake yi, Yallaɓai.”

“Wane Yallaɓai kuma? Ma'aikacinka ne ni? Ce Baba.”

Sai da na sunkuyar da kai don kada ya ga idona ya kawo ruwa. Ya kwance ƙyallen, ga kwalba, a cikinta reshe ɗan guntu mai launin ƙasa.

“Daga uwar murjanin tankina na yanko shi. Shekararta talatin da ɗaya. Sa shi kusa da naka, in gani.”

Roba da ruwan maganin suna nan ƙarƙashin tankin, taku biyu daga inda nake. Amma wa zai karɓi kyautar Tokunaga da hannu biyu, ya tsoma ta a maganin ƙwari a gaban idonsa? Tamkar ka ce masa gidansa ƙazami ne. Na dubi Chizuru. Ita kuwa kofin shayinta take kallo. Na naɗe hannun riga, na liƙa reshen a jikin dutse, tazarar ɗani ɗaya daga nawa.

Sati biyar ban ga komai ba. A na shida na ga ɗigo fari a gindin wani reshen murjanina, zagayayye kamar an ɗora ƙwayar shinkafa. Kashegari sun zama bakwai. Na feso ruwa da ƙarfi a wurin, sai wasu tsutsotsi shimfiɗaɗɗu suka ɓalle suna lilo, launinsu launin murjanin sak, shi ya sa ido ba ya kama su. Da na juya reshen Tokunaga, gindinsa cike yake da ƙwai, ƙanana, jere reras. Magani yana kashe tsutsa, amma ba ya taɓa ƙwai.

Na yi duk abin da aka sani. Na ciro murjanin ɗungurungum, abin da ban taɓa yi ba, na tsoma shi a magani duk bayan kwana biyar, na kankare ƙwan da tsinin allura har bayana ya ƙage. Na datse rassan da suka lalace, kowace datsa ina jin ta a haƙorana. Naman yana saɓulewa daga ƙasa zuwa sama, yana barin ƙashi fari fat. Ɗakin ya ɗauki wari irin na bakin teku bayan ruwa ya janye.

Ranar da shuɗi ya rage a rassa uku kacal, na ce wa Chizuru:

“Dole in faɗa wa Baba. In reshensa na da ƙwai, tankinsa ma na da su. Ko nasa a ceto.”

Ta daɗe tana murza bakin rigarta.

“Zo mu je ka gani,” in ji ta.

A cikin ɗakin baƙin Tokunaga tankin yake, tsawon bango guda. Fitilu na ci, injin na kaɗa ruwa, gilashin ƙal. A ciki kuwa maƙabarta ce. Ƙasusuwa ne farare, gansakuka ta fara hawa kansu, sai ɗan nama mai launin ƙasa da ya rage a kusurwa ɗaya. Tsohon yana tsaye a kan kujera da ɗan cokali, yana barbaɗa musu abinci.

“Shunya ne? Matso ka ga uwar. Bana ta yi haske, ko?”

Na dubi idanunsa da kyau a karon farko. Sun yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa.

“Ta yi haske, Baba,” na ce.

Na ja Chizuru zuwa baranda.

“Tun yaushe?”

“Shekara biyu. Haske kawai yake gani. Ni na hana abokansa zuwa.”

“Kin san abin da ke cikin kwalbar nan.”

“Na sani.”

“Kika zauna kina shan shayi!”

“Yi a hankali, zai ji. Me kake so in ce? Baba, kada ka ba shi, tankinka ya mutu? Kwana uku ya yi yana lalube da hannu yana zaɓar maka reshen nan. Na ɗauka za ka cire shi da mun fita.”

“Na ɗauka na Tokunaga ba ya ɗaukar ƙwari.”

Amma ni ma na san sati biyar na yi ina wucewa ta gaban reshen ina alfahari da shi.

Kafin mu tafi tsohon ya kira ni. Ya zura hannu har kafaɗa a ruwa, ya laluba kusurwar da ke da sauran nama, ya ɓalle guntu, ya saka a kwalba.

“Ɗaya ba ya jin daɗin zama shi kaɗai. Haɗa masa da ɗan'uwansa.”

Na karɓa da hannu biyu, na sunkuya.

Da muka isa ɗakina, rassa ukun nan sun saki namansu, yana yawo a ruwa kamar yagaggiyar takarda. Na tsaya ina nema ko ɗigon shuɗi ɗaya, babu. Chizuru tana bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba.

“Kawo in zubar da shi,” in ji ta, tana nuna kwalbar.

Na buɗe murfin, na naɗe hannun riga.

“Shunya, akwai ƙwai a jikinsa.”

“Bari su ƙyanƙyashe,” na ce. “Babu sauran abin da za su ci.”