Idon da Ya Faɗo Mini a Kan Rufi

Ranar wanki abin ya faɗo, da hantsi. Ƙaton balan-balan fari, da akwatin ƙarfe rataye a gindinsa. Ya ɓurma kwanon ɗakin girkina, ya kashe mini tunkiya.

Ɗana mai gyaran rediyo ne. Yana dubawa ya ce, "Inna, wannan kyamara ce. Barikin sojan da ke bayanmu yake ɗauka, rubutun jikinsa ma ba na ƙasar nan ba ne."

Ya maimaita a shagonsa. Bayan kwana biyu daraktan tsaro ya sa aka kama shi, wai yana yaɗa ƙarya. Wata huɗu ke nan. Sau bakwai na je ofishin mutumin, na ƙarshen ya ce wa masu gadi, "Ku fitar da tsohuwar nan, ta ruɗe."

Na ruɗe ko? To. Kafin sojoji su kwashe tarkacen, wani dunƙule mai gilashi ya ɓalle ya gangara cikin toka. Na ƙulle shi a tsumma na ɓoye. Da na kai masa ofis, da ya ɓace kamar ɗana.

Da na ji a rediyo kwamitin tsaro na majalisa zai zauna kan maganar, na yi sammako. Zaure ne mai sanyi, kowa da makirfo da ruwan roba a gabansa. Darakta ya yi rantsuwa, ya ce balan-balan na auna yanayi ne iska ta kaɗo, babu kyamara ko ɗaya a jikinsa.

Sai da na bari ya faɗa sau biyu, na ga magatakarda ya rubuta, sannan na miƙe.

Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, kina da hujja a rubuce?"

"Ranka ya daɗe, ban iya rubutu ba. Ido nake da shi."

Aka kwashe da dariya. Darakta ya gyara tabarau ya ce, "Idon tsohuwa ai ko allura ba ya sa wa zare."

"Wa ya ce maka nawa? Na abin nake nufi, ɗan nan."

Na kwance tsumman na dire shi a kan tebur, toka ta tashi. Wata 'yar majalisa ta juya shi, ta ce ga tambarin wata ƙasa. Dariya ta mutu. Darakta ya kai hannu.

Na buge hannun. "Kul! Ka taɓa, in yi maka ihun ɓarawo."

Shugaba ya ce in bar wa kwamiti shi, za su bincika.

"Bincike dai na san shi, wata huɗu yana cin ɗana. A kawo mini shi, ku ɗauki idonku."

Suka yi ƙus-ƙus. Shugaba ya ce wa darakta ya buga waya yanzu a kawo ɗana, kuma kada ya fita daga zauren, akwai maganar rantsuwar ƙarya.

Na ja kujera na zauna daf da darakta, idon a cinyata, gilashin yana kallonsa. Awa uku yana zufa cikin sanyin nan.

Da aka shigo da ɗana, wandonsa ɗaure da igiya don rama, ban yi kuka ba. Na nuna masa darakta na ce, "Faɗa wa kawun nan naka ɓangaren da ruwa ba ya zuba a ɗakin da aka tsare ka, shi zai gaje ka. Tsohuwa ta ruɗe, amma tana da tausayi."