Wanda Ya Tsaya Cikin Ruwan Sama

Shifra ta ƙi zama. Tun hantsi take safa da marwa a ɗakin karatun Rebbe Getzel, malamin Yahudawan garin, tana jin matan da suka cika tsakar gida suna tauna sunanta. Da safe aka tsinci gawar kawunta Zundel mai yanka, an rotse masa kai da ƙarfen murhu. Su biyu ne a gidan, ita tana kwana a soro, kuma jiya duk unguwa ta ji faɗansu kan littattafan Rashanci da ta kwaso daga Vilna. Dattawa sun riga sun yanke magana, kafin rana ta faɗi Asabar, ranar hutunsu, ta shiga za a miƙa ta ga 'yan sanda.

"Ko ɗigon hawaye babu!" in ji wata tsohuwa daga waje. "Aikin boko ke nan."

Shifra ta leƙa ta taga. "Inna Bryna, ara mini naki hawayen mana, ai kullum kina da rara."

"Zauna, 'yata, kina sa ni jiri," in ji Rebbe.

"Ba zan zauna ba, Rebbe. Zagin garin nan na saba sha tun ina ƙarama, bai kashe ni ba. Amma ba zan hau keken 'yan sanda kan abin da ban yi ba."

Rebbe ya sa aka kira mutum biyun da suka fara zuwa gidan, Leizer tela da Faibish mai kifi.

"Ai ku kuka aike mu," in ji Leizer. "An rasa cikon mutum goma da sai da su ake addu'a a majami'a, kuka ce mu taso Zundel. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na buga, shiru, na tura ƙofa na faɗa zaure. Na ce wa wannan, shigo mana, ko kifinka ne suka koya maka son ruwa? Ya ƙi. Ko inuwar rufin bai raɓa ba, yana can tsakiyar titi."

"Kafin ka ga gawar, ko bayan ka gani?"

"Kafin, Rebbe. Ko ɗakin ban kai ba."

Shifra ta tsaya cak. Faibish Kohen ne, wato cikin jikokin Annabi Haruna, waɗanda aka haramta wa shiga ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa. Duk jana'iza a bakin titi yake tsayawa, haka ubansa ya yi.

"Faibish," in ji Rebbe a hankali, "kullum kana faɗawa gidan nan da kajinka na yanka ko sallama babu. Yau wa ya gaya maka akwai gawa a ciki?"

Faibish ya sunkuyar da kai. Ya damƙe hularsa da hannu biyu, ya ce:

"Zundel ya gano matata Hinda sakakkiya ce, ta taɓa aure a garinsu. Ya ce yau zai gaya muku. Kohen ba ya zama da sakakkiya, Rebbe, da kun raba ni da matata!"

"Ka zubar da jinin mutum, sannan ka ji tsoron ƙazantar gawarsa," in ji Rebbe, ya kau da kai.

Ya ce Shifra ta bi ta ƙofar baya don ta kauce wa jama'a. Ta gaba ta bi. Ta fito kanta a ɗage. Matan suka dare mata hanya, sai Bryna ta miƙo hannu.

"'Yar nan, ni dama a raina na ce..."

"Matsa, Inna. Rana na tafiya, kawuna yana can a ƙasa ba a yi masa wanka ba."